Juya, Kifa, Birkita: Lacca kan Kalmomin Juyawa a Hausa da Bambancin Ma'anoninsu

Hausa tana da kalmomi da dama na mayar da abu ya fuskanci inda bai fuskanta a da, ko ya koma akasin yadda yake: juya, kifa, birkita, jirkita, tuntsura, karkata, sauya da 'yan'uwansu. A ƙamus sukan zo a jere kamar 'yan ɗaki ɗaya, ana bayyana wannan da waccan. A bakin masu harshe kuwa kowacce da gurbinta. Mai suyar waina a bakin tashar mota ta Dutse juya waina take yi, in kuwa aka ce ta kifar da ita, to ɓari aka yi. Mai fito a kogin Haɗeja yakan juya kwalekwalensa sau da yawa a yini, amma ranar da kwalekwalen ya kife ranar makoki ce. Kama da wane ba wane ba ne.

Abubuwa uku ne ke raba waɗannan kalmomi. Na farko, siffar abin da aka juya: mai baki ne kamar ƙwarya, mai tsawo ne kamar tulu, ko mai ciki da waje ne kamar riga. Na biyu, inda fuskarsa ta koma: gefe, baya, ko ƙasa. Na uku, halin da ya shiga bayan juyin: ya zauna daidai, ko tsarinsa ya lalace. Duk kalmar da ke cikin wannan dangi amsa ce ga ɗaya ko biyu daga waɗannan tambayoyi.

Juya

Juya ita ce uwar dangin, kuma ita ce mafi faɗin ma'ana. Tana nuna an sauya wa abu fuska kawai, ba ta faɗin ko alheri aka yi ko ɓarna. Aikin mai waina ya isa misali. Takan ɗora tanda a murhu, ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi. Idan gefen ya fara ja, sai ta sa bakin cokali ta ɗaga, cikin ya koma sama, saman ya koma ƙasa, wainar ta faɗa cikin gurbin da ta fito. Ba abin da ya zube, ba abin da ya bar wurinsa. Wannan shi ne juyi tsantsa. Daga nan aka sami maganar nan ta cewa wane yana juya wane kamar waina a tanda, wato yana sarrafa shi yadda ya ga dama, shi kuwa ba ya iya fita daga gurbin.

Faɗin ma'anar ne ya ba ta damar shiga harkoki da yawa. Ɗan kasuwa yana juya kuɗi idan ya sayi riɗi da kaka, ya sayar, ya zuba kuɗin a dabino ko gero, jari yana zagayawa yana haihuwa. Mutum yana juya harshe idan ya bar Hausa ya koma Fulatanci a tsakiyar zance. Wanda ya juya wa ɗan'uwansa baya ya yashe shi. Juya akala daga raƙumi aka aro ta, ana faɗinta ga zance, ko tafiya, ko manufar hukuma. Juya magana kuwa zargi ne, domin mai yin ta ya ɗauki abin da aka faɗa ya nuna wa jama'a bayansa.

Sunan aikin, juyi, shi ma ya haifi kalmomi. Juyin mulki shi ne karɓe gwamnati da ƙarfi, irin na 15 ga Janairu 1966 a Nijeriya ko na 26 ga Yuli 2023 a Nijar. Juyin juya hali ya fi shi zurfi, domin tsarin zaman jama'a ne gaba ɗaya ke sauyawa, kamar yadda ya faru a Faransa a 1789, da Rasha a 1917, da Iran a 1979. Juyayi shi ne damuwar da mutum ke ta jujjuyawa a zuci bayan rashi ko wani mummunan labari. Karin magana ma ya ce duniya juyi-juyi, kwaɗo ya faɗa ruwan zafi.

Malaman zaure suna da wurin da suke fayyace iyakar wannan kalma, wato babin sallar roƙon ruwa a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa. Liman yana juya mayafinsa, abin da ke kafaɗar dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, amma ba ya mayar da ƙasan mayafin sama. Juyi biyu ne daban, ɗaya an yi umarni da shi, ɗaya an bar shi, kuma ɗalibin da bai rarrabe su ba zai yi kuskure a aikace.

Rassan juya

Saiwar kalmar ɗaya ce, amma wasalin ƙarshe yana sauya mata aiki. Wannan shi ne tsarin rukunonin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, wanda har yau ake koyarwa a sassan nazarin Hausa.

Juye tana nuna aikin ya kai ƙarshe, ba a bar saura ba. A kasuwar Shuwarin, ma'auni yakan cika kwanon awo da gero har ya yi tozo, ya juye a buhun mai saye, ya sake cikawa, yana ƙirga da baki. Hatsin ya bar mazubi ɗaya ya koma wani baki ɗaya. Ba a cewa ya juya gero a buhu, domin juya gero shi ne motsa shi a kan tabarma don ya sha iska. Juye tana kuma zuwa ba tare da karɓau ba, a nan ma'anarta ita ce al'amari ya koma kan wanda bai zata ba: reshe ya juye da mujiya, ciniki ya juye, kan wane ya juye.

Juyo tana nuna juyin ya fuskanto mai magana, kamar uwa ta ce wa ɗanta ya juyo ta ga fuskarsa, ko a ce matafiya sun juyo daga Kiyawa. Juyar da tana nuna kawar da abu daga inda ya nufa, kamar juyar da kai ko juyar da hankalin mutane. Juyu tana nuna yiwuwar aikin, an fi jin ta a kore: wane ba ya juyuwa, wato ba a sarrafa shi. Jujjuya kuwa maimaici ne, kamar mai sayen akuya yana jujjuya ta yana duba haƙora da ƙafafu, ko marar lafiya yana jujjuyawa a shimfiɗa.

Kifa

Kifa ta fi juya ƙunci, domin tana da sharaɗi. Abin da za a kifa sai yana da baki ko fuska, kuma bakin ne zai koma ƙasa. Ana kifa ƙwarya, da kwano, da tukunya bayan wanke-wanke don su tsane. Ana kifa kwando a kan 'yan tsaki saboda shirwa. Ana kifa turmi a zauna a kai. Mata masu kiɗan ƙwarya a kife suke kaɗa ta, wani lokaci a kan ruwa cikin babban masaki. Ma'aunin nan na Shuwarin in zai tafi salla yakan kifa kwanonsa a kan tsibin hatsi, mai saye ya gani ya san ba a awo yanzu. Dutse da ƙwallo ba sa kifuwa, domin ba su da baki. Mutum yana kifa kai a gwiwa, amma kwanciyarsa tana da nata sunaye: rub da ciki in cikin ne a ƙasa, rigingine in bayan ne. Wasalin farko na kifa gajere ne, na kifin ruwa dogo ne, kuma kalmomin biyu ba su haɗa dangi ba.

Kife ita ce kalmar hatsari. Kwalekwale yana kifewa, abin da yankunan Ringim, Taura, Miga da Jahun suka sani a shekarun ambaliya, lokacin da hanyoyi ke yankewa mutane su koma fito. Kifar da kuwa tana haɗa juyi da zubarwa: yaro ya kifar da nono, wato ya kifa ƙwaryar, abin da ke ciki ya tafi. Wannan hoton ne ke cikin kifar da gwamnati, an juya mazubin, duk wanda ke ciki ya zube.

Birkita, jirkita da rikiɗa

Asalin birkita juya abu ne ta yadda ƙasansa zai dawo sama, amma a maganar yau an fi jin ta inda tsari ya lalace. Wanda ya juya akwati ya sauya masa fuska, wanda ya kifa shi ya mayar da murfin ƙasa, wanda ya birkita shi kuwa ya hargitsa kayan ciki, na ƙasa sun hau sama, ba a gane komai. Shi ya sa ake cewa an birkita lissafi, gari ya birkice, yaro ya birkice da kuka, mutum ya birkice wa iyalinsa. Kifa tana duban bakin mazubi, birkita tana duban abin da ke ciki.

Jirkita ta fi sauƙi a motsi, amma ta fi dabara. Abu ne ya gusa kaɗan daga daidai, ya bar kamanninsa na asali. Kaya sukan jirkice a bayan jaki, kamannin mutum sukan jirkice bayan doguwar jinya. Wanda ya jirkita magana bai ƙirƙiro ƙarya daga tushe ba, ya dai taɓa ta ne a wuri ɗaya ko biyu har ma'anarta ta karkace, kuma irin wannan ya fi wuyar kamawa.

Rikiɗa ita ce ƙarshen wannan layi, inda abu ke barin siffarsa ya ɗauki wata. A tatsuniya dodo yana rikiɗa ya zama saurayi, hawainiya tana rikiɗa ta saje da ganye, a labarai kuma akan ce zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma.

Tuntsura, wuntsila, mirgina da karkata

Waɗannan kalmomi sun fi kula da yadda motsin ya gudana. Tuntsura ta abu ce mai tsayuwa wanda ya rasa gindinsa ya faɗi ta gefe, kamar tulu, ko buhun da aka jingine, ko amalanken da aka yi wa lodi ɓangare ɗaya. Wanda ya tuntsure da dariya, dariyar ce ta kayar da shi. Wuntsila ta fi ƙarfi, kai ne ke yin ƙasa ƙafa ta bi ta sama, irin abin da yara ke yi da gangan su kira shi alkafura ko adungure. Mirgina juyi ne a jere a kan ƙasa, kamar jaki a turɓaya ko gangar mai da ake turawa. Gangara tana buƙatar tudu: dutsen da ya ɓalle daga duwatsun da suka kewaye unguwar Garu a Dutse gangarowa zai yi, in ya iso fili ya mirgina, in ya ci karo da wani ya tsaya.

Wannan bambanci yana da nauyi a wajen mai ba da labari. Hatsarin tankar man fetur da ya auku a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoba 2024, ya ci rayuka fiye da 150. Mai rubuta irin wannan rahoto yana da kalmomi huɗu a gabansa. In ya ce mota ta faɗi, bai faɗi yadda ta kwanta ba. In ya ce ta tuntsure, ta kwanta ta gefe ke nan. In ya ce ta kife, tayoyi suna sama. In ya ce ta wuntsila, ta juya a iska kafin ta tsaya. Wajibinsa ya zaɓi wadda ta dace da abin da shaidu suka gani.

Karkata rabin juyi ce, abu ya bar miƙe amma bai faɗi ba. Gini yana karkacewa, hula tana zama a karkace, hankali yana karkata ga wani ɗan takara, ana kuma karkatar da kuɗin jama'a idan an kauce da su daga inda aka nufa. Waiwaya ta wuya ce kaɗai, jiki yana gaba ido yana baya, shi ya sa aka ce waiwaye adon tafiya.

Inda abu ba shi da baki amma yana da kai da gindi, Hausa takan yi amfani da jimla: kai ƙasa, ko kai ƙasa ƙafa sama. Manoman riɗi, waɗanda Jigawa ke da su da yawa, sun san wannan aiki. Ana yanke riɗi tun kwansonsa bai buɗe ba, a ɗaure dami-dami, a jingina su a tsaye kai sama har su bushe. Ranar kaɗa sai a shimfiɗa tamfol, a ɗauki dami a juya shi kai ƙasa, a bubbuga da sanda, ƙwayar ta zubo. Ba a cewa an kifa damin, ba a kuma cewa an birkita shi.

Baibai, hagu da baya

Baibai ta abin da ke da ciki da waje ce. Yaro ya sa riga a baibai idan ɗinkin ya fito fili. Kalmar tana ɗauke da hukunci, domin duk abin da aka ce yana baibai, akwai daidai ɗinsa da aka bari. Daga nan aka ce wane ya ɗauki magana a baibai. Hagu ma haka take a wasu maganganu: bahaguwar fahimta, bahagon mutum, yin abu a hagunce. Saboda wannan hukunci ne ba a cewa ajami baibai yake don ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, ko boko baibai yake don yana tashi daga hagu. Kowanne a kan hanyarsa yake, sai dai a ce sun saɓa.

Baya kuwa ta tafiya ce. Ja da baya matsawa ce ba tare da juya fuska ba, kamar rago kafin karo. Koma baya da ci baya na lalacewar al'amari ne bayan ya yi gaba, kuma akwai ci gaban mai haƙan rijiya, wanda sunansa gaba, tafiyarsa ƙasa. Duniya ma an ce rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Zuwan mota ya kawo kalmomi biyu na aro. Ribas ita ce tafiyar mota da baya, kwana kuma ita ce karya hanya, har ta zama sunan wurare irin su Kwanar Huguma, inda mai zuwa daga Kano ke barin babban titi ya nufi Dutse. Wanda ya sha kwana a zance ya kauce daga abin da ake magana a kai.

Sauya, canza, musanya da sake

Waɗannan huɗu maƙwabtan juya ne, amma ba dole abin ya koma akasinsa ba. Wanda ya juya riga rigar nan ce dai, wanda ya sauya riga wata ya sa. Sauya ita ce ta gida, canza kuma daga Turanci aka aro ta, tare da canji da 'yan canji. A yawancin wurare suna shiga gurbin juna, sai dai canji ya fi kama harkar kuɗi. Tsofaffi suna tuna canjin kuɗi na 1 ga Janairu 1973, lokacin da Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, da na 1984 da aka sauya launin takardun kuɗi. A ƙarshen 2022 kuma aka sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, abin da ake kira sauya hannu. 'Yan siyasa suna sauya sheƙa, kalmar da aka aro daga tsuntsu. A tarihin Musulunci an sauya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan Hijira, masallata kuwa juyawa suka yi.

Musanya tana buƙatar abu biyu, kowanne ya koma gurbin ɗan'uwansa, kamar takalma a ƙofar masallaci ko cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Sake tana da fuska biyu, maimaitawa da sauyawa: ya sake zuwa, ya sake hali, an sake lale.

Akasi, kishiya da saɓani

Waɗannan sunaye ne na dangantakar abu biyu masu fuskantar juna. Akasi daga Larabci take, ma'anarta abin da ya juya wa wani baya gaba ɗaya: an zaci riba, sai aka ga akasin haka. Hausa ta ƙara mata ma'anar tangarɗa, kamar a ce an samu akasi a hanya. Kishiya daga zaman aure aka ɗauko ta, manazarta harshe suka mayar da ita sunan kalmomi irin su fari da baƙi, dogo da gajere, sama da ƙasa. Hoton ya dace, domin kishiyoyi gida ɗaya suke zaune. Fari kishiyar baƙi ne saboda duka launi ne, ba wanda zai ce fari kishiyar nauyi ne. Saɓani kuwa abu biyu ne da suka wuce juna ba su haɗu ba. Mutum biyu sukan yi saɓani a hanya, malamai sukan yi saɓani a mas'ala, kuma saɓanin ra'ayi bai kai gaba ba. In rabuwar ta yi nisa har ba alamar haɗuwa, sai a ce sun yi hannun riga, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Warware abin da aka ƙulla

Akwai juyin da ba na jiki ba, wato mayar da hukunci ko mataki kamar ba a yi ba. Warware ta igiya ce da tubka, daga nan ta shiga alwala, da alkawari, da matsala. Wanda ke yin abu yana rushewa da kansa, tubka da warwara yake yi. Soke ta mai iko ce a kan abin da ya riga ya tabbata, kamar yadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, ko yadda Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kotunan ƙasa a shari'ar zaɓen gwamnan Kano ranar 12 ga Janairu 2024. Janye ta mai abu ce da kansa: ya janye ƙara, ya janye magana, ƙungiya ta janye yajin aiki. Jingine ajiyewa ce a gefe, ana iya komowa kanta. In ana son a yi wa mai janyewa ba'a, sai a ce ya yi amai ya lashe, ko ya yi mi'ara koma baya.

Raba mutum da mulki ma yana da kalmomi, kowacce da hotonta. Kifar da ta mazubi ce, hamɓarar da ta shuri da ƙafa ce, dukansu na ƙarfi ne, kamar abin da ya sami gwamnatin Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba 1983. Tumɓuke ta shuka ce da aka cire da saiwarta. Tuɓe ta tufafi ce, shi ya sa ta dace da mai rawani. Tsige ta gashi ce ko gashin tsuntsu, ita aka ware wa majalisa idan ta cire mai muƙami bisa doka, kamar yadda majalisar jihar Kaduna ta yi wa Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a 1981.

Juyi a cikin kalma

Harshen kansa yana juya sautukansa. Akan ji bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya, bincike da binkice. Manazarta suna kiran wannan musayar gurbi, kuma sunan ya yi daidai, domin sauti biyu ne suka musanya wuri, ma'ana ba ta motsa ba. A wani nau'in zaurance yara sukan juya gaɓoɓin kalma da gangan don su ɓatar da manya. A tajwidi akwai iƙlabi, inda nunun da ba ta da wasali ke komawa mimun in ta haɗu da ba'un. Bahaushe yana yin irinsa kullum ba tare da ya lura ba, yana rubuta “an ba shi” yana furta “am ba shi”.

Kalmomin Turanci da aikin fassara

Turanci ma yana da nasa dangin, amma bai yanka gonar a inda Hausa ta yanka ba. Kalmomin reverse da invert saiwarsu ɗaya a Latin, mai ma'anar juyawa. Ta farko ta fi shafar gaba da baya ko jerin abubuwa, ta biyu ta fi shafar sama da ƙasa. Overturn ta haɗa faɗuwar mota da rushe hukunci, capsize ta jirgin ruwa ce kaɗai, flip kuma juyi ne mai sauri irin na waina ko kwabo. Ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934, da na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, suna ba da jerin ma'anoni, amma zaɓen wadda ta dace da jimla aikin mai fassara ne, ko ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ma'aikacin ɗakin labarai a Rediyon Jigawa.

Kalmar reverse kaɗai tana buƙatar Hausa biyar ko fiye. In direba ne, ya yi ribas ko ya ja da baya. In kotu ce, ta soke hukunci. In gwamnati ce a kan matakin da ita ta ɗauka, ta janye shi. In banki ne bayan cirar kuɗi ta maƙale a na'urar POS, ya mayar da kuɗin, mai asusu kuma ya ce kuɗinsa sun dawo. In jerin sunaye ne, an faro daga ƙarshe. In tsabar kuɗi ce, bayanta ake nufi. Invert takan zama kifa ga kwano, kai ƙasa ga dami, juya ga lissafi, kamar inda ake mayar da lambar ƙasa sama a rabon ɓangarori. Overturn takan zama kife ko tuntsure ga mota, soke ga hukunci, kuma “kotu ta kifar da hukunci” ba maganar Bahaushe ba ce. Opposite takan zama akasi ga sakamako, kishiya ga kalma, amma ga wuri sai a ce shagon yana kallon masallaci ko yana tsallaken titi, domin shago ba ya zama akasin masallaci.

Haka abin yake in an taso daga Hausa. Juye ta ma'auni, da kifar da ta mai ɓari, da birkita ta mai neman abu a akwati, kowacce tana ɗauke da bayanin da Turanci sai ya ƙara kalma biyu ko uku kafin ya cim masa. Hanyar da ta fi aminci ga mai fassara ita ce ya ajiye kalmar da ke gabansa, ya dubi abin da ya faru: me aka juya, ina fuskarsa ta koma, wane hali ya shiga, kuma wa ya yi, mai abin ne ko wani mai iko a kansa. Amsar waɗannan ita ke nuna ko juya za a ce, ko kifa, ko birkita, ko soke, ko janye.